Surukar Likita

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum Inna. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, tare da roƙon Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sa kina cikin rahama. Na san wannan takarda ba za ta same ki ba. Ko da kina raye ma sai dai a karanta miki, kuma na san halinki, kafin mai karatu ya yi nisa za ki ja mayafi ki rufe fuska ki ce a bar shi haka nan. To yau babu mai katse ni. Shekara ta zagayo, gyaɗa ta sake isa cira, ni kuwa maganar nan har yau ban faɗe ta ba.

Bari in fara miki da labarin gida. Baba yana nan a Zoza, lafiyarsa lau sai ciwon gwiwa. Ya hana kowa ya taɓa ɗakinki, ko kwanukanki ba a sauke ba. Larai autarki tana gaishe ki. Yaron da ta haifa dab da kwanciyarki ya fara tafiya, goshinki ya ɗauko sak. Gonar gyaɗarki ta bayan rafi ita da mijinta suka noma bana, amma tsakani da Allah ba ta yi yadda take yi a hannunki ba. Jar akuyarki ta haifi biyu, kuma har yanzu ba ta daina shiga madafin mutane ba.

Babban labarin shi ne na ƙawarki Sa'adatu, 'yata ta fari. Ta dawo gida goyon ciki, cikin ya tsufa, yanzu haka tana kwance a asibitin nan da kika kwanta. Kin ga na rubuta sunanta, hannuna kuma bai karye ba. Saboda ita nake rubuta miki, don abin da ya ɗauke ki ya so ya biyo ta, ta hanya ɗaya, a ɗaki ɗaya.

Ni ce 'yar farinki, Inna, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ko dai ki ce "ke", ko ki ce "wannan", ko ki aiko Larai ta faɗa mini saƙo alhali ina zaune a gabanki ina tsince shinkafa. Haka kika taso kika gani, haka na taso na gani, ban taɓa cewa uffan ba. Kunyar da kike yi wa Malam mijina kuwa ta fi tawa. Tun da aka ɗaura mana aure ba ku taɓa haɗa ido ba. In ya zo Zoza gaisuwa, tun daga zaure yake tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofa, ke kina can ƙuryar ɗaki kina amsawa kamar mai ciwon haƙori. Kin tuna ranar da kika hango babur ɗinsa a hanyar kasuwa kika faɗa gonar dawa da tallen manki a ka? Har yau matan unguwa suna ba da labarin suna dariya. Ni ma da ina dariya.

Da zazzaɓi ya kwantar da ke, Baba ya ce a kai ki wurin da ya fi kusa. Ni na ce atafau sai a kawo ki nan ɓangarenmu na Karaye, ƙaramin asibitin da Malam yake aiki. Ma'aikacin lafiya ne, amma kowa likita yake ce masa, kuma wa zai bar asibitin da yake da mutum a ciki ya tafi inda ba a san shi ba? Kowa ya ce na yi gaskiya. Ke kaɗai kika ce a kai ki ko'ina ban da can. Kika faɗa, kika sake faɗa, har kika riƙe ƙofar mota. Muka ce kunyar Inna ce ta motsa, muka lallaɓa ki muka sa a ciki. Larai tana wankan jego, don haka jinya ta faɗo kaina, ni da ba kya iya kallo ido cikin ido.

Ba zan manta shigarmu ba. Mata cike da benci tun safe, wasu a ƙasa kan tabarma, kowace riƙe da kati, yara suna kuka, ga wata tsohuwa tana amai a gindin dalbejiya babu mai kula ta. Mu kuwa ta ƙofar gefe aka bi da mu. Wallahi har wani ɗaga kafaɗa na yi. Aka ba ki gadon bakin taga, wanda iska take shigowa, aka shimfiɗa sabon zanin gado, aka kawo fanka daga ofis. Masu shara, masu allura, mai gadi, kowa ya zo ya rusuna ya gaida surukar likita. Aka ɗebi jini, aka ce maleriya ce da taifot, suga ma ya ɗan hau. Aka ɗaura ƙarin ruwa, aka fara allurai. Na kira Baba a waya na ce ya kwantar da hankalinsa, ko matar sarki iyakar gatan da za ta samu ke nan.

Yanzu da nake zaune ina tuna yadda ake duba ki, sai in rasa ko kuka zan yi ko me. Babban likita ba kullum yake zuwa ba, aikin yau da gobe yana hannun Malam da abokan aikinsa. In suna zagayen safe, su tsaya a kan kowane gado su ɗaga riga, su danna ciki, su buɗe ido, su leƙa baki. In sun iso gadonki sai su gaishe ki da ladabi, su ce ai wannan ta Malam ce, su wuce. Shi kuma Malam in ya zo, a bakin ɗakin mata yake cire takalmi. A asibiti fa, Inna, ƙasan da ake zubar da komai! Ya durƙusa can nesa da gado, idonsa a siminti, ya ce Inna yaya jiki. Ke kin juya fuska bango, kin lulluɓe har tafin ƙafa, ki ce da sauƙi, Allah Ya yi albarka. Abin gwada zafin jiki ma ni yake miƙa wa in sa miki a hammata. Shi yana ganin abokan aikinsa mata sun duba ki, su suna ganin wa zai taɓa surukar mutum shi yana tsaye. Haka aka yi ta ba ki girma, babu wanda ya ɗora hannu a jikinki sai mai neman jijiya.

Sai kuma Sista Rabi. Kin tuna ta ai, doguwar nan mai muryar maza, wadda matan garin nan suke sauya ranar awo don kada su faɗa hannunta. A gadon da ke kusa da naki akwai wata baiwar Allah daga Jajaye, Iya Mairo, wadda ba ta da mai jinya sai wata maƙwabciya da take leƙowa. Washegarin zuwanmu Sista Rabi ta tsaya a kanta, ta ja labule, ta ce ta tuɓe. Matar ta fara noƙe-noƙe, Sista ta daka mata tsawa, ta ce ita ba wasa ta zo yi ba, in kunya ta kawo asibiti ta koma da ita gida. Muna ji tana danna ta, matar tana wash, Sista tana yi mata faɗan jiƙe-jiƙen da ta sha. Raina ya ɓaci. Na ce ashe haka ake yi wa wanda ba shi da kowa. Na samu Malam na ce ko kusa kada matar nan ta zo gadon Inna, ba zan tsaya ina kallo a ci mutuncin uwata ba. Ya je ya yi mata magana cikin lalama. Ta ɗaga hannu sama ta ce to, ita ina ita ina surukar manya. Daga ranar in ta zo wucewa sai ta ce sannu Hajiya, ta yi gaba.

Iya Mairo da ƙafarta ta koma gida, Inna. Tana nan tana sayar da kuka da busasshiyar kuɓewa ranar kasuwa.

Ke kuma me ba ki yi ba don kada in gani? Kin hana ni yi miki wanka. Kin hana ni wanke zaninki, sai ki cusa shi a leda ki ce Larai za ta wanke in kin koma. In za ki banɗaki ki dafa bango, kina jan ƙafar hagu, in na miƙo hannu ki ture. Kullum a ɓari ɗaya kike kwanciya. Na tambaye ki, na ce Inna ƙafar ce? Kika ce kwanciya ce ta sa ta yi tsami, kika kau da kai. Sannan kika ce in samo miki turaren wuta da humra. Na aika gida aka kawo, ina ta yaba ki a raina, ina cewa Inna ko a gadon asibiti ba ta yarda da ƙazanta. 'Yan dubiya suna ta zuwa daga Zoza da ƙwaryar fura da kifin dam, kowa ya ce yaya jiki, kowa ki ce masa da sauƙi. Zazzaɓi kuwa ya sauka da safe, la'asar na yi ya dawo ya fi na jiya. Aka sauya allura, aka ƙara wata, Malam har rama ya yi don tunani. A gida ya ce mini in tambaye ki ko akwai wani abu da ke damunki wanda ba ki faɗa ba. Na tambaya. Kika ce ke dai ki ce masa an gode.

Ranar da abin ya fito fili Malam ba ya nan, sun fita ƙauyuka rigakafi. Da hantsi ne, jikinki ya yi zafi har kin fara sambatu, kina kiran awakinki. Sista Rabi ta zo wucewa da tire a hannu, sai ta tsaya cak. Ta ja numfashi, ta sake ja. Duk turaren nan da na turara bai ɓoye mata ba. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta dire tiren, ta ja labule, ta ture ni gefe da gwiwar hannu. Kika damƙe zani da hannu biyu, ban san inda kika samo ƙarfin ba. Ta ce miki ita ba surukarki ba ce, ba 'yarki ba ce, ba ta san garinku ba, ki saki. Kuma kika saki, Inna.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Maruru ne a can saman cinya, wajen matsematsi, ya fashe ta ciki ya ci nama, gefensa ya yi baƙi, kin cusa masa ganyen lalle kin ɗaure da tsumma. Ban san lokacin da na fita bayan labule ba. Ina tsaye a nan na ji muryar Sista ta sauko, irin yadda ban taɓa ji ba, tana ce miki Iya tun yaushe. Sai ga ki kina ba ta labari tiryan-tiryan: tun kafin ruwa ya ɗauke ya fito, da ɗan ƙarami ne, kin sa kaza kin sa kaza, ba kya barci, in kin taka kamar an soka miki wuƙa. Kina magana kina kuka. Matar da ba ki sani ba, wadda na hana ta zo kusa da ke, ita kika faɗa wa duk abin da ni da na fito daga cikinki na kwana ina roƙo.

Da ta fito na sunkuyar da kai ina jiran zagi. Wallahi da ta zage ni da na fi jin daɗi. Ta dube ni kawai ta ce da ranar da muka zo aka gani, tsagawa ce da wanki da allura, da yanzu kina gida. Ta wanke abin da zai wanku, ta kira Malam a waya, ta ce a nemi mota zuwa Kano yanzu-yanzu. Da ya dawo ya ji, a gindin tankin ruwa ya zauna daɓas a ƙasa da farar rigarsa, ya riƙe kai. A mota yana gaba muna baya, bai waiwayo ba har muka isa. Kuma Inna, a cikin wannan hali, da mota ta faɗa rami zaninki ya ɗan zame daga ƙwauri, sai da kika lalubo shi kika rufe, don yana gaba. A Kano suka yi iya yinsu, suka ce dafin ya riga ya shiga jini, sugan kuma ya ba shi hanya. Ba ki daɗe ba.

Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da ikon Allah ba. Amma yau zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba: na yi fushi da ke. Haba Inna! Ni ba 'yarki ba ce? Wa ya fi ni cancantar ganin jikinki? Da kin ja hannuna kin nuna mini ko ba ki ce komai ba, me zai ragu a jikinki? A zaman makoki mata suna ta cewa kin sami gata, kin yi jinya a hannun surukinki, wasu suna cewa irin kunyarki ta ƙare a duniya. Ina amsa gaisuwa ina jin kamar in kurma ihu. Sai daga baya, da fushin ya lafa, na tuna hannunki a ƙofar mota. Ashe kin faɗa mana. Kin san abin da ke jikinki, kin san ba za ki iya buɗe shi a gabansa ba, kika ce a kai ki ko'ina ban da can. Iyakar yadda za ki iya faɗa ke nan, mu kuma muka yi dariya.

Ni da Malam mun daɗe muna zaune kamar baƙi a gida ɗaya. Ba faɗa, ba hira. Ya sa abinci a gaba ya tashi ya bar shi. Ban taɓa ce masa laifinsa ne ba, shi ma bai taɓa ce mini nawa ne ba, kowa ya san inda nasa yake.

Ana haka Sa'adatu ta dawo goyon ciki. Kuma kin san me? Na ci gaba da yi mata yadda kika yi mini. In ce ke, in ce wannan, in aiki ƙanwarta ta tambaye ta me za ta ci. Ubanta ma daga nesa yake amsa gaisuwarta ya wuce. Sai na lura ta daina sa takalmanta, silifas ɗin ubanta take ja. Zoben hannunta ta cire. In ta zauna sai ta dafe goshi. Ran nan ina tuƙa tuwo na ce ke, lafiya kuwa? Ta sunkuyar da kai ta ce ba komai, da sauƙi. Inna, muryarki ce sak.

Na ajiye muciya na miƙe a tsakar gida na ce Sa'adatu! Yarinyar nan sai da ta waiga bayanta ta ga wa ake kira. Maƙwabtanmu biyu da suke daka suka tsaya da taɓare a sama. Na ja ta ɗaki, na rufe ƙofa, na ce ta kwance zani. Ta fara noƙewa, na ce ni na haife ki, babu abin da ke jikinki da ban wanke ba. Ƙafafun sun kumbura har cinya, na danna yatsa ya lotsa ya ƙi tasowa. Da na matsa mata sai ta ce kanta ya daɗe yana sarawa, kuma tana ganin wasu taurari suna gilmawa a idonta. Ta ce kunya ce ta hana ta faɗa mini.

Ba mu bi ta ƙofar gefe ba. Muka yanki kati muka zauna a benci kamar kowa. Ma'aikata suka fara cewa a'a, 'yar Malam ce, a shigo da ita. Sai ga Malam da kansa, ya je gaban Sista Rabi a gaban mutane ya ce mata wannan ba 'yar kowa ba ce, ta yi mata yadda take yi wa wadda ba ta da kowa. Ya juya ya bar ɗakin. Sista ta ja labule. Ta yi wa Sa'adatu faɗa, ta fito ta yi mini nawa, ta ce uwar banza kawai, ina kallo yarinya ta kumbura kamar alkubus. Tun da nake ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba. Hawan jini ne na masu ciki, ta ce saura kaɗan ya zama jijjiga. An ba ta gadon bakin ƙofa, kusa da banɗaki, babu fanka. Kullum sai an ɗaga rigarta an danna ta, tana ɓata rai. Jinin ya fara sauka. Sista ta ce a gabanta Sa'adatu za ta haihu, in kuma ta ga abin da bai yi mata ba, Kano za ta tura mu da wuri. Ba mu tsallake haɗarin ba tukuna, amma wannan karon ana ganin abin da ake yi wa magani.

Matan unguwa sun sa ni a baki, wai tun da kika rasu na zubar da kunya, ina kiran 'yar fari gatsal kamar 'yar birni. Ki yafe mini, Inna, na bar abin da kika koya mini, kuma ba zan koma ba.

Saura abu ɗaya. Ranar kasuwar da ta wuce na tsaya sayen kuka, mai kukar ta ƙura mini ido ta ce ke ba Hajara ba ce? Iya Mairo ce. Na ce a ina ta san sunana, tun da ban taɓa faɗa mata ba. Ta yi dariya ta ce a bakin uwarki mana. Wai in na fita ɗebo ruwan zafi ba ki da hira sai tawa: Hajara ta iya tuwo, Hajara tun tana ƙarama ba ta da ƙyuya, Hajara ba ta runtsa ba saboda ni. Da kin ji takuna sai ki yi shiru ki juya bango. Na tsaya a tsakiyar kasuwa da ƙullin kuka a hannu ina hawaye, mutane suna ratse ni. Duk rayuwata nake jiran in ji sunan nan a bakinki, ashe kina faɗarsa, ni ce kawai ba a yarda in ji ba. Daga kasuwar na wuce asibiti, na zauna a bakin gadon Sa'adatu na faɗa mata nata yabon da bakina, duka, tana rufe fuska ina janye hannun. Ba zan bari ta ji shi a wurin mai sayar da kuka ba.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya yafe miki, Ya yafe mana. Ki huta lafiya, sai mun zo.

Ni ce 'yarki ta fari,
Hajara, kamar yadda kike faɗa in na fita.